Takabar 'Yar Farina a Riyad

Mun tashi da asuba, wata ranar Laraba cikin kaka, damina biyu bayan shekarar da tsutsa ta cinye tumatir har muka koma miyar kabewa da busasshen tattasai. A lissafin mutanen Riyad, shekarar ce da aka bar matansu suka fara riƙe sitiyari. A nawa lissafin kuwa, azumi ɗaya ke nan da muka kai Goggo Hajara makwancinta. Ku da kuka dame ni da sallama tun ranar da na dawo, kowa na son ya ji abin da ya fitar da tsohuwa daga Haɗejiya ba aikin Hajji ba, ba Umara ba, to ga shi. Da baki nake bayarwa ana rubutawa. Ni alƙalami bai taɓa zama a hannuna ba, ban kuma ga abin da na rasa ba.

'Yar farina nas ce a wani asibiti a Riyad. Mijinta, mutumin kirki, injiniya, ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, kafin a isa da shi ga likita rai ya yi halinsa. Can aka binne shi. Ita kuma ta shiga takaba a gidan sama, ita da 'yan matanta biyu. Da farko tana ɗaukar waya ta amsa gaisuwa. Daga baya waya ta yi ta kuka ba a ɗauka. Sai wata abokiyar aikinta ta nemi ƙaninta ta gaya masa gaskiya: ba ta barci, ba ta ci, numfashi na sarƙe ta, hannunta na rawa. Asibiti sun ba ta hutun takaba, amma ranar da ya ƙare za su duba ta. In hannun bai tsaya ba, aiki ya ƙare, iƙama, wato takardar zaman ƙasar, ta mutu, su tattara su fito. Dangi suka taru a zaurenmu aka yanke cewa a je a taho da ita tun kafin ta zauce a ƙasar mutane.

Wa zai je? Takardar ziyara uwa ake ba wa ko uba. Uban ya daɗe a ƙasa. Nan fa aka shiga satar kallona, domin kowa ya sani. Ni ban taɓa kiran sunan yarinyar nan ba. Ban taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba, ban taɓa duban tsakiyar idonta ba. Ranar da aka yaye ta Goggo Hajara, yayar ubanta, ta goya ta ta tafi da ita, ita ta raine ta, ita ta kai ta makaranta, ita ta aurar da ita. Yarinyar Inna take ce mata, ni kuwa Yaya. Kunyar ɗan fari ke nan, haka aka yi mana, haka muka yi, har gobe ban ce laifi ba ne. Amma Goggo ta tafi, takardar Larabawa kuma ba ta san kunya ba. Na ce a yi mini fasfo.

Abokin tafiyata wani magidanci ne ɗan unguwarmu, direba ne a can, ya zo hutu zai koma. Mun bar gari ana kiran assalatu na biyu. Hanya duk gero ya sunkuya, riɗi an tsayar da shi dami-dami a gonaki. A Gujungu muka tsaya aka sha shayi da ƙosai, mai shayin ya cika mini madara da ya ji inda za ni, ya ce in yi masa addu'a a Ka'aba. Na ce masa ba can za ni ba. Ya ce ai duk ƙasa ɗaya ce. Ban yi musu ba.

A Kano, kafin mu shiga filin jirgi, abokin tafiya ya durƙusa ya ce in yi haƙuri in kwance ƙullin zanina. Goro ne a ciki, fari, ɗaure da ganye, da rubutun sha da malamin unguwarmu ya yi wa yarinyar, an busar da shi a auduga. Ya ce, "Hajiya, waɗannan biyun in aka gan su a can, ni da ke sai dai a ji labarinmu." Na ce rubutun ayar Allah ce. Ya ce ya sani, amma su ba sa tsayawa su tambaya. Haka na miƙa wa ɗana da ya rako mu. Na shiga jirgi da kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya, maganin da na ɗauko wa mara lafiya ya koma Haɗejiya a aljihun ƙaninta.

Jirgi bai ba ni tsoro ba, kada kowa ya ce ya ba ni. Kunnena ne kawai ya toshe. A Habasha muka sauka muka canja wani. Sanyi a wurin kamar an buɗe randa, shayi kuwa kuɗin kofi ɗaya ya isa mudun gero da canji, na ce ƙishina ya wuce. Jirgi na biyu cike yake da 'yan matan ƙasar masu tafiya aikatau, kowacce da jakar leda a cinya, ba mai magana da wata. Ta kusa da ni hawaye kawai take yi ba sauti. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Na ba ta alewa ta karɓa ta riƙe a hannu har muka sauka.

Da hantsi muka isa Riyad. Wurin duba fasfo aka ce in ɗora yatsu a kan wani gilashi. Na ɗora, ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Taɓarya da igiyar guga sun shafe zanen yatsuna tun kafin a haifi yaron da ke zaune a wurin. Ya shafa mini wani ruwa, ya danna, ya danna, daga ƙarshe ya yi dariya ya ce halas, wato shi ke nan, ya buga hatimi.

Garin fa, jama'a. Titi a kan titi, wani ya bi ta ƙarƙashin wani, mota kamar an zubo ta daga buhu, amma ba mutum ɗaya a ƙasa yana tafiya. Ba akuya, ba zakara, ba mai talla. Na ga mace ɗaya tana tuƙi, ta riƙe sitiyari da hannu biyu kamar mai tankaɗe. Unguwar da za mu ana ce mata Ulaisha, tsofaffin benaye ne launin ƙasa, tagoginsu ƙanana, kowace taga da akwatin sanyi yana ɗigar ruwa a bango. A ƙasa shaguna, mai gasa burodin da suke kira tamis, mai wanki, mai gyaran waya. Abokin tafiya ya hau da kayana ya aje a bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa, ya sauka, tunda mai takaba ce a ciki.

Ita ta buɗe. Da a hanya na gamu da ita da na wuce. Wuya ya fito, ido ya faɗa, hijabin jikinta kamar an rataye a ƙusa. Ta durƙusa ta ce, "Yaya, sannu da hanya." Na dubi bango na ce, "Mun same ku lafiya? Ya ƙarin haƙuri?" Ta ce, "Da godiya." Shi ke nan gaisuwarmu. 'Yan matan ne suka zo suka sumbaci goshina suna ce mini jadda, wato kaka, Larabci na zuba a bakinsu, Hausar sai sun laluba.

Kwanakin farko na gane abin da ya cinye ta. Mu a gida mai takaba ba ta zama ita kaɗai. Har a yi arba'in tsakar gida cike yake, wannan ta kawo kunu, waccan ta zo da tsinkenta na saƙa ta zauna, ko ba a ce komai ba akwai numfashin mutum kusa da kai. A nan maza sun zo gaisuwa kwana uku suka koma bakin aiki. Matan Hausawa da ke benen duk an mai da su gida tun da aka ɗora wa kowane kan iyali haraji. Yara su tafi makaranta da sassafe. Sai ita da labule a sauke da ƙugin akwatin sanyi.

Na yi abin da na iya. Na ɗaga labule. Na tuƙa tuwo da garin da suke da shi, na kaɗa miyar kuka har maƙwabta suka leƙo. In na aje kwano sai in ce wa iska, "A ci abinci." Ta yi loma biyu ta wanke hannu. In ce, "Mutanen gidan nan ba sa kwanciya ne?" Ta ce, "Za a kwanta, Yaya." Haka muke magana, kamar akwai wani na uku a tsakaninmu da ke kai saƙo.

Wata safiya tana zuba mini shayi sai na ga butar na kaɗawa. Ta aje, ta dafe ƙirji, ta zame ta zauna a ƙasa jikin firji, baki buɗe tana jan iska ba ta shiga. Na miƙe. Na karanta duk abin da na haddace ina tofawa daga inda nake tsaye. Ƙafata ta kai ni har gabanta, hannuna ya ƙi sauka. Babbar 'yar ce ta ruga sama ta kira maƙwabciya, wata Ba'indiya mai furfura, musulma, nas ce ita ma, ita ce ma ta yi wa ɗana waya. Matar nan ta zube a ƙasa, ta ɗora tafin hannunta a cikin yarinyar, ta kama jan numfashi a hankali tana sakewa, tana ja tana sakewa, har na yarinyar ya bi nata. Ina tsaye ina kallon baƙuwa tana yi wa abin da na haifa. Shayin ranar bai shiga cikina ba.

Ashe likita ya ba ta ƙwayoyi, ya kuma ce ta riƙa hawa wurin matar nan. Duk safiyar Juma'a da yammacin Talata mata na taruwa a falonta suna wani abu da suke kira yoga. Tunda bene ɗaya ne, ba fita ba ce, takaba ba ta ɓaci ba. Yarinyar ta je sau ɗaya ta daina. Ba'indiyar ta roƙe ni da hannu da ido in sa baki. Na ce sai na gani da idona.

Na sa yarinyar gaba na hau da carbina na zauna a kujera bakin ƙofa. An kwashe kayan falon, an shimfiɗa wasu 'yan tabarmin roba. Mata kusan goma: 'yan Filifin, Bamisriya, 'yan Indiya, yawancinsu ma'aikatan asibiti, sai wata ƙatuwar Basudaniya da ta dube ni ta ce da Hausa, "Iya, daga ina?" Hausarta irin ta mutanen da ce. Kakanninta Katsinawa ne da suka tafi Hajji a ƙasa suka zauna a hanya. Da ta ji Haɗejiya sai ta tafa hannu ta ce, "Kayya, an kawo mana baiwarmu har gida." Na ce, "Bakatsiniyar da kakanta ya kasa ƙarasawa Makka ce za ta yi mini baki?" Wasan Katsinawa da Haɗejawa ke nan, tun daga nan ta zama tafintata.

Tambayata ta farko, wa ake yi wa wannan sunkuyon? Ba'indiyar ta ce ba kowa. Ta nuna mini alƙibla, ta nuna yadda ta karkatar da tabarmin daga gare ta da gangan, don kada wata ta haɗa wannan da salla. Ba kiɗa, ba waƙa, ba a kiran sunan kowa. Ta ce a ƙasarsu akwai masu haɗa shi da addininsu, ita miƙa ta ɗauka da numfashi da zaman shiru, ta bar musu sauran. Na zuba ido in kama ta da ƙarya ban kama ba. Miƙa ce irin ta kyanwa, a ɗaga hannu, a tanƙwara, a tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe. Basudaniyar in ta ɗaga ƙafa sai ta dafa bango tana salati.

Ƙarshen ne ya tayar mini da hankali. Sai na ga duk sun kwanta rigingine a jere, hannuwa a gefe, ido rufe, an ja musu mayafi. Yarinyar ma tana cikinsu, ga rama. Wallahi abin da na gani a idona ba na son in faɗa. Na buga carbi a kujera na ce, "A tashi! Wane irin kwanciya ne wannan a gidan da ake makoki?" Duk suka zabura. Basudaniyar ta yi dariya har da hawaye, ta fassara, sai dariyar ta tsaya, kowa ya gane. Daga ranar Ba'indiyar ta ce a riƙa kwanciya a gefen dama. A kan haka na yarda na ci gaba da hawa, ina zama a kujerata.

Ana cikin haka takaba ta kusa fita, na ce sai an yi sadaka yadda ake yi. Abokin tafiyata ya zo ranar hutunsa ya kai ni Aziziya, kasuwar kayan miya. Ban taɓa ganin tumatir haka ba, kwali a kan kwali har sama da kaina, ga araha, kwali guda bai kai abin da muke sayen kwano ba a shekarar tsutsa. Albasa kamar kan jariri. Amma ka nemi yakuwa ko rama, babu. Masu turin kaya 'yan ƙasashe ne kala-kala, kowa na ihu da guntun Larabcinsa. Daga nan ya ce in zo in sa wa ɗakinsu albarka a Manfuha. Lungu ne matsattse, wayoyin wuta kamar saƙar gizo, ƙananan shaguna, a ɗaya na ga kuka a leda ana sayar da ita kamar turare. Ɗakin nasu katifu ne jere, masu aikin dare na barci, masu aikin rana sun fita. Suka tashi suka gaishe ni, aka kawo shinkafar da suke kira kabsa a faranti ɗaya. Akwai wani a kusurwa, ya ba bango fuska, bai juyo ba. Na tambaya. Suka ce tun da abokinsa ya faɗo daga gini yake haka, yana zuwa aiki, yana dawowa ya kwanta. Na ce wa ke zama da shi? Suka dubi juna. Na ba su labarin abin da mata ke yi a benenmu. Wani mai baki a cikinsu ya ce, "Hajiya, mu ai yogarmu ɗaukar siminti." Aka yi dariya. Na kusurwa bai yi ba. Na yi masa sallama da za mu fita, ya ɗaga hannu kawai. Har yau yana raina.

Juma'ar da ta biyo baya aka zo da wani sabon abu. Ba'indiyar ta ce kowacce ta kama abokiya, a zauna a ƙasa a jingina baya da baya, a yi shiru, kowa ya saurari numfashin ɗan'uwansa ta bayansa. Bamisriyar ba ta zo ba, sai lissafi ya ƙi cika. Kowa ya samu, yarinyar ta rage a tsakiyar falo ita kaɗai. Ba'indiyar ta yafuto ni. Na girgiza kai. Basudaniyar ta ce, "Bahaɗejiya, tabarma kike tsoro ko ƙasa?" Na ce, "Ke kin san abin da ya hana. Kakarki ba ta gaya miki ba?" Ta ce, "Ta gaya mini. Ta kuma mutu uwata na Jidda, ba su gana ba." Sai yarinyar ta ce, murya ƙasa-ƙasa, ba tare da ta dube ni ba, "Ku ƙyale ta. Yaya ba za ta iya ba."

Ni ce ba zan iya ba? Ni da na yi noma da ciki, na haƙa rijiya da maza? Na aje carbi, na tattare zani, na sauka ƙasa, na ba ta baya.

Abin da na fara ji ƙashi ne. Kowane ƙulli na gadon bayanta ya taɓa nawa ta cikin tufa. Rabon da jikina ya haɗu da nata tun tana goye. Sai numfashinta, gajere-gajere, sama-sama, kamar na tsuntsun da aka kama a hannu. Ba wanda ya koya mini komai. Na ja nawa a hankali har ƙasan ciki, na sake. Na ja, na sake. Falon ya yi tsit, ba ka jin komai sai akwatin sanyi. An jima sai na ji nata ya fara tsawo, yana tuntuɓe yana bin nawa. Sai nauyinta ya sauko mini gaba ɗaya, ta sake jiki. Daga nan bayan ya fara girgiza. Kuka ne, irin wanda ba ta yi ba tun ranar da aka yi mata waya. Kalmar haƙuri ta zo har bakina, ita muka saba faɗa, na haɗiye ta. Na kafa duga-dugaina a ƙasa na tare ta. Ba wadda ta motsa a cikin matan nan har ta gama.

Da aka ce a tashi gwiwata ta ƙi. Mata biyu suka ɗaga ni, Basudaniyar na cewa a kawo motar ɗaukar kaya, tana share ido da gefen mayafi.

Kada wani ya ce muku a ranar ta warke. Ba ta warke ba. Amma washegari bayan sallar asuba ta shimfiɗa tabarma a falo ta zauna ta ba ƙofata baya. Na fito na zauna. Haka muka riƙa yi kullum. Abin da ya sa na iya, ba a kallon ido. Kunyata na nan inda take, tana fuskantar bango, bayana na aikinsa.

A irin wannan zaman ne ta yi magana. Ta ce ranar da zai rasu ya ce mata ƙirjinsa na masa zafi, ita kuma tana sauri za ta asibiti, ta ce yajin daren jiya ne, ta ba shi maganin gyambon ciki. Ta ce, "Yaya, aikina ke nan. Na gane shi a jikin mutanen da ban sani ba, ban gane shi a jikin mijina ba. Yaya zan sake riƙe allura?" Sannan na ce, "Ke." Ban taɓa ce mata ke ba, sai ranar. Na ce, "Ke kika rubuta masa kwanansa? Da safe kin ba shi abin da kika ga ya dace, da hannunki, ya karɓa ya sha ya yi miki sallama. Mutum nawa ne suka samu haka?" Ranar ta cinye tuwonta.

Ranar fitar takaba ta yi wanka ta sa sabon kaya. Ba mai kitso a benen, ni na zaunar da ita tsakanin ƙafafuna na yi mata shuku, shi ma ai ta baya ake yi. Matan yoga suka sauko da abincin ƙasashensu, Basudaniyar ta zo da lalle, na dafa shinkafa da miyar tumatirin Aziziya aka kai wa mutanen Manfuha a manyan tukwane. Na ce a tabbata an aje wa na kusurwa nasa a gabansa.

Sai ranar komawa asibiti. Ta sa fararen kaya, ta rufa abaya, motar aiki ta zo ta ɗauke ta. Na wuni a bakin taga. Jakata a ɗaure take tun dare, tata ma na sa yaran sun sauko da ita, domin ban san wanne za a yi ba. Da la'asar ta shigo ta zauna a ƙasa ta cire takalmi. Ban tambaya ba. Ta ce an duba ta, sannan aka ba ta wani tsoho ta sa masa ƙarin ruwa babbarsu na tsaye. Da ta ɗauki allurar hannun ya fara rawa. Ta ce a ba ta izini, ta shiga ɗakin ajiya, ta jingina da bango, ta ja numfashi yadda muke yi, ta fito ta sa. Sun ce ta ci gaba, da rana kawai tukuna, ta kuma riƙa ganin likitanta. Na ce wa yaran a mai da jakar uwarsu inda take.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Abokin tafiyata hutunsa ya ƙare tuni, aka haɗa ni da wasu mata 'yan Kano. A filin jirgi ta durƙusa ta ce, "Yaya, a sauka lafiya." Na dubi allon da ke bayanta na ce, "A riƙa hawa sama ranar Juma'a. A riƙa cin abinci." Ta ce to. Na juya na tafi ban waiwaya ba.

Na iso gida an gama girbi. Dangi suka cika zaure, ɗana ya leƙa bayan mota ya ce, "Ina take?" Na ce, "Tana wurin aikinta." Wani ƙanen ubansu ya fara cewa ai ba haka aka yi da ni ba. Na ce wanda ya ga zai fi ni ya je ya yi fasfo.

Abin da na gano a tafiyar nan ba mai yawa ba ne. Ciwon zuciya ciwo ne kamar na ƙafa, yana son likita, yana son magani. Yana kuma son mutum a kusa wanda zai zauna ya rufe bakinsa. Mu muna da wannan a tsakar gidajenmu ba mu san kuɗinsa ba, su can sai da suka shimfiɗa tabarmin roba suka sa masa rana. Na ga amfaninsa da idona, ba kuma zan fasa faɗa ba don wani ya murtuke fuska.

A cikin matan da suka ci tuwon sunanta, ranar da na ɓuya a ɗaki don kada in ji abin da liman zai raɗa, mu uku muka rage. Ni, sai Ta Annabi mai ƙuli da ido ya tafi, sai Dije matar Wanzam da ba ta fita sai an riƙe ta. Na je na gaishe su na ba su dabino. Dije ta kama hannuna ta ce, "To, a can ɗin dai kin kira sunanta?" Na ce ban kira ba, ba kuma zan kira ba. Ta ce, "To me kika je yi?" Na ce mata ta juya ta ba ni baya in nuna mata.